Ranar da Goggo ta sa aka ɗauke ni hoto

Taubashina ya ɗauki hoton kusan kowa daga Wurno har Goronyo. Masunta, manoman albasa, matan da ke sussuka, tsofaffin da ke jiran mota a tasha, har jakin da ke kai ruwa gidan makwabcinmu yana da hoto, kuma na rantse ya fi ni kyau a ciki. Amma har furfura ta fara fito masa a gemu ba shi da hoton matar da ta haife shi.

Ɗan goggona ne, ƙanwar mahaifina, wadda aka aurar Giyawa tun ban san hannun damana ba. Shi ne ɗanta na fari. Da aka yaye shi sai aka kawo shi gidanmu a Wurno, mahaifina ya riƙe shi, muka tashi a tabarma ɗaya, akushi ɗaya. To, akushin dai ɗaya ne, amma wanda ya dube ni ya dube shi ya san wanda ya ci riba. Ni ga ni kamar buhun albasa da aka cusa da ƙafa, shi kuwa in ya tsaya a karkace sai ka nema ka rasa.

Goggo tana da kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda ta gada wurin uwarta Bafillata. Ba ta faɗin sunansa, ba ta duban fuskarsa. In mun je gaishe ta ya durƙusa daga bakin ƙofa, sai ta juya ta amsa wa bango. Na sha ce mata bangon ɗakin nan ya fi kowa shan gaisuwa a Giyawa, ya kamata ya fara amsawa. Da yana ƙarami "wancan" take ce masa. Da ya girma ya kama sana'a ya koma "mai injin nan". Amma duk zuwan da na yi sai ta cika mini jaka da man shanu da daddawa ta ce, "Ka kai ma mutanen gidanku." Kowa ya san mutanen gidanmu mutum ɗaya ne, siriri, mai rataye da jaka. Ni dai nakan cire ladan dako a hanya.

Ya fara hoto ne a wani ɗan shago kusa da tasha, inda ake rataye labule mai zanen jirgin sama. Ranar Sallah samari su zo su dafa jirgin, shi kuma ya ce kowa ya tsaya cik. Ya daɗe yana wannan, da hoton fasfo na masu neman aiki. Sai shekarar da ruwa ya yi yawa aka saki dam, ya bi fadama ya cinye shinkafa da gidaje. Ya rufe shago ya bi mutanen da suka tashi. Hotunan da ya dawo da su suka fita a jarida, daga nan bai ƙara komawa bayan labulen jirgi ba. Aka fara kiransa Legas, aka fara kiransa ƙasashen da ni ko sunansu sai na huta a tsakiya. Na ji an ce a can ana rataye hotunansa a bango mutane su zo su tsaya suna kallo. Ni kuwa a majalisarmu nakan ce layin masu kallo ya kai daga Wurno zuwa Rabah, har ana sayar da ruwan sanyi. Ba wanda ya je balle ya ƙaryata ni.

Duk inda ya je yakan dawo gida, kuma in ya dawo ni ne direbansa. Ni dillalin albasa ne, ina da babur, na san kowace hanya da kowane mai shayi. A nan na ga yadda yake aiki, na kuma sha wuya. Mutumin nan zai sa ka kai shi ƙauye, ya sauka, ya zauna. Kyamara tana cikin jaka. A kawo fura ya sha, a yi hira, a yi salla, ya tashi mu dawo. Gobe mu koma. A Maikujera akwai wani dattijo mai ginin rumbu da muka yi ta zarya wurinsa har tayar babur ɗina ta san hanyar da kanta. Na ce, "Kai, ɗan sanda ma in ya zo kama mutum ba ya wannan jira." Ya ce sai dattijon ya manta da shi tukuna, sannan ya tuna masa, sannan ya ɗauka. Abu biyu ne ba ya ƙetarewa: ba ya ɗaukar mutum bai sani ba, kuma duk wanda ya ɗauka sai ya wanke hoton ya kai masa har gida. Na taɓa ganin ya bar hoton da ni kaina na san babu irinsa, wata mata tsaye cikin ruwa har ƙugu da tukunya a ka, don kawai ya ɗaga kyamara ta girgiza kai.

Da zaman ƙauye ya fara wuya, mutane suna kwana da kunne ɗaya, ƙaninsa ya ɗauko Goggo daga Giyawa ya dawo da ita gidansa a Goronyo. Ba ta so ba. Ta bar ɗakinta da bishiyarta, ta zo da adaka ɗaya da tabarma. Ba a daɗe ba ciwo ya kama ta a ciki. Aka yi na gida, aka yi na kemis, daga baya likita a Sakkwato ya ce sai an yi aiki. Ya kuma faɗa wa ƙanin a gefe cewa da shekarunta da yadda jikin ya yi, a yi ta addu'a. Aka sa rana. Cikin damina ne, gero ya fara fitar da kai.

Ana gobe za a tafi da ita, taubashina ya iso daga tafiya, na ɗauko shi a tasha. Maimakon gida sai ya ce in kai shi bakin dam. Muka tsaya muna kallon masu kwalekwale. Na fara ba shi labarin wani kifi da aka kama wanda sai da aka kira masu sassabe kafin a yanka shi, na ga ko murmushi bai yi ba.

"Mi ad damuwa?" na ce. "Ko Turawan sun gane kai ba ka iya komi ba?"

Ya ce, "Ba ni da hoton Inna."

Na buɗe baki in yi wasa, wasan ya ƙi zuwa. Ya ce wanda ke akwai ɗaya ne, na katin zaɓe, wanda wani baƙo ya haska mata wuta a fuska ta fito kamar an kama ta da laifi. Ya ce in aka shiga da ita gobe ba ta fito ba, wannan ne zai nuna wa 'ya'yansa. Tun yana shagon tasha yake cewa wata rana, wata rana. To ta yaya? Kyamara fuska ake ba ta. Matar da ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba, zai tsaya gabanta ya ce ta dubo nan?

Na ce wannan ai ƙaramin abu ne ga mai dabara irina. Akwai zana tsakanin ɗakinta da turken awaki, kuma zanar tana da huda. In zaunar da ita da hira, shi ya laɓe.

Ya ce, "In saci uwata?"

"Sata ta mi? Kayanku na. Wanda ya ɗebi hatsi rumbun gidansu ɓarawo na?"

Ya ce bai yi wa baƙo ba, ba zai fara da ita ba. Na ce to ni in ɗauka. Ya tuna mini da wanda na ɗauke ta da wayata bara, inda aka samu ƙafarta ɗaya da akuya cikakkiya. Duk da haka, da muka isa gidan ƙaninsa ya zauna a zaure ya murɗa nan ya murɗa can, ya rataya mini kyamarar a wuya, ya nuna mini inda zan danna. Ya ce in gaya mata gaskiya, in ce hoto zan ɗauke ta. Ya ce in riƙe numfashi. Na ce numfashina ba ya riƙuwa, yana da iyali.

Na shiga. Goggo tana kwance a ɗaki, surukarta tana yi mata fifita. Na daɗe ban ga ta rame haka ba, hannunta kamar kara. Na gaishe ta, na ce, "Goggo, yau na zama ma'aikaci. Tashi in ɗauke ki hoto."

Ta dubi abin da ke wuyana, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ce, "Wanga injin ba naka na ba. Mai da ma mai shi tun ba ka hwasa mai ba."

"Goggo, sau guda ɗai."

"Na ce ka mai da."

Ta juya ta ba ni baya. Na fito da kyamara tana lilo a kan cikina, na miƙa masa. Ya karɓa. Ya goge mata ido da gefen rigarsa ya mayar jaka.

Aka kawo tuwon rana. A nan ne mutanen gidan suka tabbatar akwai matsala, don na kai loma biyu na ture. Ni da ko ranar da aka yi mini kaciya an ce sai da na nemi ƙari. Surukar Goggo ta leƙo ta ce ko a kira mini mai allura. Muna zaune a zaure, masu sallama suna shigowa suna fita, kowa ya yi addu'a ya wuce. Motar asibiti da sassafe za ta zo. Taubashina ya taɓa gaya mini hasken da ya fi so shi ne na bayan la'asar, lokacin da rana ta sauko ta daina faɗa. Ina ta leƙa sama. Gabas ta fara haɗa baƙi. Na yi ta lissafi a raina: in hadarin nan ya taso an gama, in ya tsaya ma me za a yi da hasken, tun da ta ƙi? Na koma na kawo masa wata dabara, cewa a ce likita ne ya nemi hoto. Ya ƙi. Na ce to a tara duk gidan a ɗauka har da ita. Ya ce in ta ga shi ne a bayan kyamara za ta ja mayafi, kuma zai zama ya tsare ta a gaban jama'a. Na tashi na zaga gida na dawo na zauna. Na ƙara tashi. Ƙaninsa ya ce in na ci gaba haka zan haƙa musu rijiya a zaure.

Mun dawo daga sallar la'asar ke nan surukar ta ce Goggo tana kirana.

Na same ta a tsakar gida, zaune a kan tabarma gindin bedi, an jingina mata matashi. Ta yi wanka. Ta ɗaura zanen saƙi baƙi mai ratsin fari wanda na san a ƙasan adaka yake kwana, ta sa kwalli, ta ɗaura kallabi sabo. Sai ƙamshin turaren wuta. Gabana ya faɗi, don na ɗauka wasiyya za ta yi. Na durƙusa.

Ta ce, "Matso nan. Zauna."

Na zauna gefenta, tabarma ta yi ƙara. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wanga ciki naka, kullum gaba shika yi. Ka san masu irin jikinka ba su ba da sanarwa. Ana zaune sai a ji sun hwashe."

"Goggo, ke za a kai asibiti, ni kika yi ma hwata?"

"Ɗiyanka na da hotonka?"

Na ce suna da shi mana, har sun gaji da gani. Akwai na aurena, akwai na ranar da na sayi babur, akwai wanda na yi da babbar riga. Ina cikin jerawa ta ɗauki mafici ta kwaɗa mini a gwiwa.

"Wawa. Tashi ka kira mai injin nan shi ɗauke ka. Nan inda kake zaune."

Na dubi zanen saƙin. Na dubi kwallin. Allah ya sani tun da aka haife ni ban taɓa tashi daga tabarma da sauri irin na ranar ba. Ƙanin ya ce ƙasa ta motsa har kasuwa. Na faɗa zaure ina haki na ce, "Tashi, ɗauko, Goggo ta ce ka ɗauke ni!"

"In ɗauke ka?"

"Ni! Ni za ka ɗauka! Tashi, ɗan banza, hadari na tahowa!"

Ya biyo ni. Da ya gan ta sai ya tsaya turus, sannan ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta. Ta amsa wa gindin bedi. Na koma mazaunina na gyara hula, na shanye cikina iyakar ƙarfina. Iska ta fara kaɗa ganye. Rana tana nan ta yamma, ta ratso ƙarƙashin hadarin ta sauka daidai kan tabarmar. Ya fito da kyamara. Ya kai ta ido. Sai ya sauke.

Ya ce da ni, "Gaya ma Goggonka, inda take zaune tana cikin hoton. In tana son ta gusa, in jira."

Na ji kamar in tashi in shaƙe shi. Tsohuwa ta gina mana gada da hannunta, shi kuma ya zo yana tambaya ko gada ce. In ta ji kunya ta tashi fa? Wa zai ƙara zaunar da ita? Na yi masa ido, na yi masa baki, ya ƙi kallona. Surukar da ke bakin madafa ta tsaya da ludayi a hannu. Goggo tana murza bakin zanenta. Ɗigon ruwa ɗaya ya faɗo mini a hannu. Ban maimaita saƙon ba, don ta ji, amma al'ada sai an maimaita, sai na ce da murya kamar ta ɗan tsako, "Goggo, wai kina ciki."

Ta ce, "Ce mai nan nika shan iska kullum, ba inda za ni. Wanda bai son ganin tsohuwa shi ruhe ido."

Ya mayar da kyamara fuskarsa. Ina jin ya ji daɗin samun abin ɓuya.

Saura abu ɗaya. Ciwon yana cizon ta, fuskar ta ɗaure, ta kafa mini ido kamar mai jiran allura. In aka ɗauka haka, na katin zaɓe ne aka sake. To nan kuma fagena ne. Na ce, "Goggo, kin ji kifin da anka kama dam shekaranjiya? Da anka buɗe cikinai an iske kwalekwale, da mai kwalekwalen zaune yana gyaran taru. Ya ce a ruhe, iska na shigo mai."

Ta ce, "Allah shi shirye ka."

"Wallahi har ya yi aure can ciki. Matar na da ciki, ana neman ungozoma mai iya iyo."

Ta yi ƙoƙarin riƙewa, abin ya ƙwace. Ta yi dariya har ta dafa kafaɗata, ɗaya hannun yana hanyar rufe baki bai kai ba. Na ji kyamara ta yi ƙaras, ta ƙara yin ƙaras. Ba ta dubi inda yake ba ko sau ɗaya. Sai ruwa ya sauko gaba ɗaya, muka ɗauke ta da tabarma da matashi muka yi ɗaki, ni ina ihu a kula da zanen saƙi, surukar tana ihu a kula da tsohuwa. Shi kuwa yana tsaye cikin ruwa ya cusa kyamara cikin riga ya rungume.

Da na zo fita ta riƙe hannuna ta ce, "Allah shi yi maka albarka, kai da wanda kaz zo da shi." Yana bakin ƙofa, ya ji. Ya ce amin a hankali, ya fuskanci bango shi ma.

Washegari aka tafi da ita. Zaman da muka yi a barandar asibiti ba zan ba da labarinsa ba, don babu abin dariya a ciki, kuma ban ci komai ba har aka fito da ita. Ta fito da rai. Allah ya ƙara mata kwana har ta ga an shigar da gero, ta ga wata kakar kuma, sannan ya karɓi abarsa.

Tun tana jinya ya wanke hoton, kamar yadda yake yi wa kowa, ya ba ni in kai. Ta karɓa ta kai shi kusa da ido, ta daɗe. Sannan ta ce, "Cikinka ya canye rabin hoton." Ta sa surukar ta buɗe adaka, aka sa shi ƙarƙashin zanen saƙi.

Gaskiyarta ne, na cinye rabi. Duk shanye cikin da na yi bai yi amfani ba, ga bakina a buɗe ina tsakiyar ƙarya. Na sha roƙonsa ya yanke ni, na san aikin minti ɗaya ne a wurinsa, ya bar tsohuwa ita kaɗai da mutuncinta. Ya ƙi. Bai taɓa kai hoton nan ko'ina ba, ba jarida, ba bangon Turawa. Yana rataye a ɗakinsa na Wurno, sama da inda yake ajiye jaka. Baƙi sukan tsaya su ce, wannan tsohuwa mai dariya fa, mahaifiyarka ce? To wane ne wannan ƙaton a gefenta?

Sai ya ce, "Ai shi anka ɗauka."